Wai Me Ke Tuƙa Ɗan Adam? Abin da Yashe Kwata Ya Koya Mini

Kamar yadda muka saba, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta bari su saurara, da kuma waɗanda dama sun fi son karatu a kan sauraro.

Yau da tonon asirin kaina zan fara, don in ban ba ku labarin nan ba, duk bayanin da zai biyo baya zai zama turancin banza.

Shekara uku da suka wuce, damina ta yi mana ɓarna a unguwa. Kwatoci sun toshe da leda da yashi, ruwa ya rasa hanya ya koma cikin gidaje, har katangar wata tsohuwa ta zube. Sai muka haɗu mu matasa, mun kusa talatin, muka ce duk ranar Asabar bayan sallar asuba za mu fito yashe kwata. Shebur aro, manjagara aro, baro ma na wani mai sayar da bulo ne. Ba wanda ake ba ko sisi. Iyaye mata ne dai sukan aiko da kunu da ƙosai, dattawa su wuce suna sa albarka. Haka muka yi wata da watanni, kuma wallahi ba na tuna ranar da na je ƙofar gidan wani ina roƙon ya fito.

To ni da nake ganin na yi boko, sai na ce bari in ɗaga abin sama. Na zauna na rubuta takardar neman tallafi zuwa wata ƙungiya, Allah ya sa aka dace. Aka sayo mana kayan aiki, aka kuma ware naira dubu biyu ga duk wanda ya fito, da sunan kuɗin mota, alhali ba mai hawa mota, kowa daga ƙofar gidansu yake tako ƙafa. Nan take muka haura sittin. Na buɗe rajista, kowa ya sa hannu, na ɗauki hotuna na watsa a Facebook, ina ji da kaina.

Bayan wata huɗu tallafi ya ƙare. Asabar ta farko da ba kuɗi, mu bakwai muka fito. Bakwai fa! Na haɗu da wani ƙanina na unguwa, wanda tun ranar farko da shi aka fara, yana zaune wajen mai shayi. Na ce, “Kai, yau ba ka fito ba?” Ya dube ni ba ko kunya ya ce, “Yaya, akwai abin ne yau?”

Ranar na yi fushi ƙwarai. Na ce matasanmu kwaɗayi ya gama da su, ba kishi, ba komai. Sai daga baya da na huce, wata tambaya ta tsaya mini a wuya. Waɗanda kuɗi ya kawo, don sun tafi da kuɗi ya ƙare, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma su talatin ɗin farko, waɗanda suka yi wata da watanni suna shiga ruwan kwata kyauta, su me ya same su? Wannan tambayar ce ta mayar da ni kan littattafan ilimin halayyar ɗan Adam, kuma abin da na tsinto shi zan baje muku yau.

Masana wannan fanni sun fi shekara ɗari suna jayayya kan abu ɗaya: me ke sa mutum ya aikata abin da yake aikatawa? Sigmund Freud, likitan nan na birnin Vienna a ƙasar Austiriya, cewa ya yi yawancin abin da ke juya mu a ɓoye yake, mu kanmu ba mu san da shi ba. A 1923 ya kasa zuciyar mutum uku: ɓangaren sha'awa mai cewa “a ba ni yanzu”, ɓangaren da ke tsawatarwa da muryar iyaye da al'umma, da na tsakiya mai ƙoƙarin sasanta su. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji bayanin nafsul ammara da nafsul lawwama, zai ji abin bai yi masa baƙunta ba, duk da cewa tushensu daban ne, kada a cakuɗa. Matsalar Freud ita ce yawancin maganganunsa ba sa gwaduwa. In ka yarda ya ce ka gani ko, in ka musa ya ce ai musun ma alama ce. Shi ya sa ba zan daɗe a kansa ba, bai taimake ni da komai a zancen kwata ba.

Wanda ya fara ba ni haske shi ne B. F. Skinner, Ba'amurke, malami a jami'ar Harvard, ya rasu a 1990. Shi ya ce ku bar haƙilon leƙa zuciya, ku dubi abin da ke biyo bayan aiki. Duk ɗabi'ar da lada ya biyo bayanta za ta ƙaru, wadda ba ta haifar da komai za ta yi ta raguwa har ta mutu. Ya ƙera wani akwati yana sa ɓera ko tattabara a ciki. In ɓera ya danna wani ɗan ƙarfe, ƙwayar abinci ta faɗo. Ba a jimawa ɓera ya zama gwanin danna ƙarfe. In aka toshe abincin, ya danna, ya danna, ya gaji ya bari.

Amma ga inda abin yake da ban tsoro. Skinner ya gano cewa in ana ba da ladan jefi-jefi, ba tare da dabbar ta san yaushe zai zo ba, wani lokaci bayan danna uku, wani lokaci bayan arba'in, to a nan ne dabbar ta fi naci, kuma ta fi wuyar dainawa ko da an yanke abincin gaba ɗaya. Shi da kansa ya ce da wannan tsarin caca take riƙe mutane. Yanzu ku dubi abokinku mai cacar ƙwallo. Kullum labarinsa ɗaya ne, “wasa ɗaya ne ya yanka mini tikiti.” Ya ci sau ɗaya a bara, wannan cin guda shi ke jan sa har yau, ya sa kuɗin data, ya sa kuɗin makaranta. Ku dubi kanku ma da waya a hannu ƙarfe ɗayan dare. Kana jan allo, bidiyo goma shirme ne, na sha ɗaya ya ba ka dariya, sai ka ce bari in ƙara ɗaya. Ni ma da nake wannan surutu ban tsira ba, kada ku ɗauka wa'azi nake daga kan mumbari.

To Skinner ya bayyana mini dalilin da ya sa muka tashi daga talatin zuwa sittin, ya kuma bayyana dalilin tafiyar sababbin. Amma a lissafinsa, in lada ya tsaya, kamata ya yi mu koma inda muka fara, wato talatin. Mu kuwa bakwai muka koma. Akwai saura ke nan.

Sai na juya wajen Abraham Maslow, wanda duk wanda ya yi kwas ɗin koyarwa ko na gudanarwa ya haddace shi don jarrabawa. A 1943 ya wallafa maƙalar da ya jera buƙatun ɗan Adam hawa biyar: ci da sha da barci, sai tsaro, sai ƙauna da zama cikin mutane, sai ƙima da mutunci, sai na ƙoli wato mutum ya cimma iyakar abin da zai iya zama. Ya ce muddin ta ƙasa tana kuka, ita za ta mamaye hankali. Ai mu ma mun san ba a wa mai jin yunwa dogon bayani. Kuma akwai bincike na zamani da ya ƙarfafa wannan ɓangaren. A 2013 wasu masana, cikinsu har da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir, sun gwada manoman rake a jihar Tamil Nadu ta Indiya, kafin girbi lokacin da aljihu ya bushe, da bayan girbi lokacin da kuɗi ya shigo. Mutanen nan dai su ne, amma sun fi ƙoƙari a gwajin tunani bayan girbi. Wato damuwar rashi tana cinye wani kaso na ƙwaƙwalwa. Duk mai zagin talaka don ya karɓi taliya da sabulu ranar zaɓe, ya kamata ya fara sanin wannan kafin ya buɗe baki, ko da kuwa ba zai yarda da abin da talakan ya yi ba.

Wani abu da ba a faɗa mana a aji ba: wannan hoton mai siffar dala da ake zanawa a allo, ba Maslow ne ya zana shi ba, wasu ne suka ƙirƙiro shi daga baya. Shi kansa ya ce jerin ba a kafe yake kamar matakalar bene ba, akwai masu fifita mutunci ko aƙida a kan cikinsu. Kuma dole ya faɗi haka, don in ba haka ba ta yaya zai bayyana uwar da ke kwana da yunwa don 'ya'yanta su ci? Ta yaya zai bayyana mai azumin nafila a watan zafi? Yaran unguwarmu ma, lokacin da suke fitowa kyauta, ba ƙoshi suka yi ba. Talaucinsu kafin tallafi da bayan tallafi duk ɗaya ne. Don haka Maslow ma bai warware mini ba.

Wanda ya kama ni dumu-dumu shi ne Edward Deci. A 1971 ya wallafa wani gwaji da ya yi da ɗaliban jami'a 24. Ya ba su wani wasan wasa ƙwaƙwalwa na harhaɗa 'yan gutsattsari su ba da siffa, wasa ne mai daɗi wanda mutum kan yi don nishaɗi. Zama uku aka yi. A zama na biyu, rabinsu aka ce za a ba su dala ɗaya kan duk siffar da suka haɗa, sauran ba a ba su komai ba. A zama na uku aka ce wa waɗancan kuɗi ya ƙare. Dabarar ita ce, a tsakiyar kowane zama mai gwajin yakan ce zai fita ya dawo, ya bar ɗalibi shi kaɗai na minti takwas, ga wasan ga mujallu a gefe, ana leƙensa ta ɓoye. Abin da ake son gani shi ne me zai yi in ba mai sa shi. Waɗanda aka taɓa biya, da kuɗi ya tsaya, lokacin da suke ba wasan ya ragu ƙasa da yadda suka fara a ranar farko. Waɗanda ba a taɓa biya ba kuwa sha'awarsu ba ta ragu ba.

Da na karanta wannan sai na ajiye littafin na yi shiru. Ai rajistata ce aka rubuta.

A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa suka yi makamancinsa da yara 'yan nazare masu son zane. Waɗanda aka yi wa alkawarin takardar yabo in sun yi zane, bayan kwanaki sai aka ga sun rage zane in an bar su da kansu. Waɗanda aka ba takardar ba zato, ba tare da alkawari ba, sha'awarsu ba ta taɓu ba. Ku riƙe wannan bambancin, yana da muhimmanci. Kunu da ƙosan da iyayenmu mata suke aikowa bai kashe mana aiki ba, don ba ciniki ba ne, godiya ce. Dubu biyun da na kawo da rajista da sa hannu, ita ce ta mayar da abin ciniki.

Bayanin da Deci da abokinsa Richard Ryan suka gina a kai, wanda suka fitar a littafi a 1985, shi ne cewa abin da ke tura mutum iri biyu ne. Akwai na ciki, wato kana yi don kana so ko don ka yarda da shi. Akwai na waje, wato kana yi don a ba ka ko don kada a hukunta ka. Suka ce na cikin nan yana rayuwa ne da abu uku: mutum ya ji shi ya zaɓa ba tilasta shi aka yi ba, ya ji ya iya kuma yana ƙara gwanancewa, sannan ya ji yana tare da mutanen da suka damu da shi. Yanzu ku auna aikin gayya na kakanninmu da wannan ma'auni. Ba wanda ya kama ka dole, kai ka ɗauko fartanyarka. Ana kiɗa ana kirari, gwanin noma yana nuna kansa a gaban sa'o'insa. Kuma gonar ta ɗan uwa ce ko ta suruki, gobe taka za a je. Duk ukun sun cika. Ni kuwa da na zo da tallafi, na zama mai rajista su suka zama lebura. Tambayar da ke kan yaron nan ta tashi daga “unguwarmu ce” ta koma “nawa ne?” Kuma in tambayar ta zama nawa ne, to shiga ruwan kwata a kan sifiri hauka ne. Gaskiyarsa.

Akwai wani misali da ke nuna cewa hukunci ma yana iya yin wannan ɓarnar. A 2000, Uri Gneezy da Aldo Rustichini sun wallafa binciken da suka yi a gidajen renon yara guda goma a birnin Haifa. Iyaye suna makara wajen ɗaukar 'ya'yansu, sai aka sa tarar shekel goma a wasu daga cikin gidajen ga duk wanda ya makara. Maimakon makara ta ragu, sai ta ƙaru kusan ninki biyu. Da can uwa tana sauri ne don tana jin nauyin malamar da ta tsayar. Da aka sa tara, jin nauyin ya tafi, abin ya zama kuɗin ƙarin lokaci, in ka biya ka fita haƙƙi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, da aka cire tarar, makarar ba ta koma yadda take ba. Kunyar da aka sayar ba ta dawo ba.

Kada wani ya ɗauki maganata ya je ya ce wa ma'aikatansa ai masana sun ce biyan kuɗi yana kashe himma. A'a, ranka ya daɗe, biya su haƙƙinsu. Wannan binciken yana magana ne a kan aikin da mutum dama yake so ko ya yarda da shi. Aikin da ba mai yin sa don daɗi, lada ne ke tafiyar da shi, kuma leburan da ya yi yini a rana a biya shi kafin guminsa ya bushe. Su kansu masanan sun yi ta musu a kan girman wannan tasiri, har a 1999 Deci da Ryan da Richard Koestner suka tattara gwaje-gwaje 128 suka nuna cewa ladan abin hannu da aka yi alkawarinsa yana rage sha'awar ciki, amma yabo na baki yana iya ƙara ta. Ni dai kuskurena shi ne na zuba kuɗi a wurin da ba kuɗi ke riƙe da shi ba. Da na sayi kayan aiki da safar hannu da takalman roba na tsaya a nan, da wataƙila har yau muna talatin.

Bari in ɗan ratse, don akwai wani gwaji da ke ba ni dariya duk lokacin siyasa. A 1959 Leon Festinger da James Carlsmith sun sa ɗalibai wani aiki mai gundura, juya 'yan katakai na tsawon lokaci. Sannan aka roƙe su su gaya wa na bayansu cewa aikin yana da daɗi. Wasu aka ba su dala ɗaya, wasu dala ashirin. Da aka tambaye su daga baya tsakani da Allah yaya aikin yake, 'yan dala ɗaya ne suka fi cewa ai da daɗi. Mai dala ashirin ya san don kuɗi ya yi ƙarya, hankalinsa kwance. Mai dala ɗaya kuwa ba zai iya gaya wa kansa cewa a kan wannan 'yar ficika ya yi ƙarya ba, sai zuciyarsa ta gyara labarin ta ce ai dama gaskiya ce. Yanzu ku leƙa sashen sharhi a Facebook. Wanda ya sha kwangila yana can shiru yana cin naman kaza. Wanda aka tura wa data ta dubu ɗaya shi ne zai zagi uwar kowa, ya ɓata da abokin shekara goma, kuma ya rantse har ga Allah don kishin ƙasa yake yi. Mai yiwuwa ma ya yarda da hakan a ransa.

Abu ɗaya da nake so ku riƙa tunawa in kuna karanta irin waɗannan bincike: yawancinsu a kan ɗaliban jami'o'in Amurka da Turai aka yi su. A 2010 Joseph Henrich da abokansa biyu sun ja hankalin duniya kan cewa kusan kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwadawa a manyan mujallun wannan fanni sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya. Saboda haka ba komai za ka kwaso ka ɗora wa Bahaushe kai tsaye ba. Mu a nan, “me mutane za su ce” yana tuƙa mutum fiye da yadda littattafan can suke ba shi muhimmanci. Anthony Kirk-Greene, Baturen da ya yi aiki a Arewa, a nazarinsa kan “mutumin kirki” da aka buga a 1974, ya lissafa kunya da mutunci da amana cikin siffofin da Bahaushe ke auna mutum da su. Kunya tana hana yaro sata, ita ce kuma take sa uba ya ci bashin da ya fi ƙarfinsa don kayan ɗakin 'yarsa. Ga kuma niyya da neman lada a wajen Allah, wanda akwatin Skinner ba shi da wurin sa shi, alhali dattijon da ke share masallaci shekara ashirin ba albashi yana nan a kusan kowace unguwa.

To me muka yi da kwatarmu? Na farko, na je na samu yaran ɗaya bayan ɗaya, na ce kuskuren nawa ne, kuma kuɗi ba zai dawo ba, kada wanda ya fito da sa rai. Na yaga rajista. Na daina zama shugaba mai raba aiki, kowane layi suka zaɓi nasu jagoran, su suke yanke ranar da za su fita da inda za a fara. Muka roƙi mai unguwa da liman su riƙa ambaton layin da ya yi ƙoƙari bayan sallar Juma'a. Wani tela a cikinmu ya koya wa ƙanana yadda ake ɗinke buhunan kwashe yashi, wani mai walda ya gyara mana baro biyu.

Ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya dawo ba. An fi shekara ana wannan fama, yanzu mukan kai sha takwas, ranar da aka dace ashirin. Wasu daga cikin 'yan farkon har yau ba su dawo ba, in mun haɗu a majalisa sai su ce, “Shugaba, in an samo wani tallafin a tuna da mu.” Shi kuwa ƙanin nawa na wajen mai shayi ya dawo a daminar bara, ranar da ruwa ya shiga ɗakin mahaifiyarsa. Bai ce mini komai ba, ni ma ban ce masa ba, shebur kawai na miƙa masa. Yanzu shi ne jagoran layinsu, kuma ya fi ni zafi a kan masu zuba leda a kwata.

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu layin bayan makarantar firamare za mu shiga, ƙarfe shida da rabi. Wanda yake kusa ya zo da shebur ɗinsa, namu ba sa isa. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.